Ido Huɗu da Tsutsar Ayabar Baba

Duk danginmu babu wanda ya sha boko kamar 'yar goggona, wadda nake kira Ido Huɗu saboda tabaranta. Ni a aji uku na ajiye biro na kama sitiyari. Ita kuwa ta yi ta karatu har malamai suka gaji, suka ba ta takarda don ta ƙyale su. Mun zaci likita muka samu. Ashe tsutsa za ta riƙa leƙe.

Ba ma tsutsar kirki ba, wadda kaza za ta gani ta yi murna. Wata mitsitsiya ce mai cin saiwar shuka, in ka tara dubu a kan farce sai su yi ta neman juna. Tun tana ƙarama haka take, a aike ta a same ta durƙushe tana raka tururuwa gida. Yanzu shekararta goma sha ɗaya a ɗakin gwaji guda, hawa na biyu, gefen tagar da ba ta buɗuwa. Kayan aikinta madubin ƙara girma, rariya, tishu, da wani tsinke da ta manna wa gashin idonta a baki. Da shi take kamun tsutsa. Ina gaya wa mutane saura gashi uku a idon nata, kuma duk an yi musu lamba.

Bara ne na daina raina ta, ko in ce na rage. Babana 'ya'yan ayaba yake reno, manoma suna ɗiba suna dasawa. Jami'in duba tsirrai ya zo, ya ga saiwa ta yi baƙi, ya kai ofishin su Ido Huɗu. Oganta ya leƙa ya ce tsutsar nan ce mai haƙa rami, wadda ba a yarda ta yaɗu ba. Aka rubuto wa Baba cewa ran Alhamis za a ƙone komai. Wahalar shekara ashirin ke nan. Ran Talata na ɗauke shi a mota, da buhun saiwa, sai wurinta.

“Yau bawana ya san hanyar ofis?” in ji ta, sannan ta durƙusa ta gaida Baba. “Kawu, ba zan rufe ka ba. In ita ce, ni zan fara sa hannu a ƙone. In ba ita ba ce, ba mai ƙyasta ashana.”

Ta ɗauko gilashin da Oga ya duba, ta sa ido minti ɗaya ta ɗago, ta juya wajensa.

“Yallaɓai, waɗannan ai yara ne. Kuma an dafa su.”

Ashe tsutsar ba ta tsayawa a kalle ta, sai an kashe ta da ɗan ɗumi. Oga yana sauri ya kara mata wuta har kayan cikinta suka dame. Kuma wai ƙanana duk kamarsu ɗaya, sai an kamo uwa ake sanin gidan da suka fito. Oga ya murtuke, ya ce ita da kawunta ne, dole ta ce haka. Ta ce ya ba ta zuwa safiyar Alhamis, kuma shi zai duba da idonsa.

Ta yayyanka saiwar, ta shimfiɗa a tishu bisa rariya, ta jiƙa. Ran Alhamis da safe muka tarar da ita tana kamu da tsinkenta, ba ta ko numfashi. Na yi tari ta ce in fita. Sai da ta jera uwaye goma, da maza uku.

“Zo ka gani, sarkin surutu.”

Na leƙa, na ga wani zare da allura a baki.

“Allurar ba ita ce shaida ba,” ta ce, “da wannan da mai haƙa ramin duka suna da ita, duka suna baƙanta saiwa. Bi jikinta. Mai haƙa rami mafitar ƙwanta a tsakiya take. Wannan fa?”

“Can kusa da wutsiya.”

“To, ko kai ka gani, ba ita ba ce. Namijin waccan kuma allurarsa ta lalace, kansa kamar ya sa hula. Na wannan garau yake.”

Oga ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni dai na ce ya yi awa bakwai, Baba ya ce minti ashirin. Da ya miƙe bai kalli kowa ba, ya ja layi ya soke takardar ƙonawa, ya sa hannu.

Baba ya fara sa mata albarka, ta tare shi. “Kawu, wannan ma ba baƙuwar arziki ba ce, tana da magani ne kawai. A fere saiwar kowane ɗa, a tsoma shi a ruwan zafi minti ashirin, zafin da zan auna muku. Kada ɗaya ya bar gonar kafin nan.”

“Wa zai tsoma ɗa dubu biyu?” na ce.

Baba ya karɓi makullin motar daga hannuna ya jefa a aljihu.