Dunƙulen da Ya Ƙi Narkewa

Shekarar da na fara sarin tukwane a wani ƙauye bayan Kwali, dajin da ke kan tudunsu ya riga ya tafi birni a buhunan gawayi. Tsohuwar da nake saye a wurinta, wadda ake kira Mama, maginiya ce mai faɗan tsiya, kuma ita abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. Da ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa, take shafe tukunya da zarar ta fito daga wuta, ga shi ba a bar ko ɗorawa ɗaya a tsaye ba.

Sai mutanen gari suka yanke shawara: a kwaɓa yumɓu da kashin shanu, a cusa kalwa a ciki, a dunƙula kamar fura, a watsa a tudun kafin damina. In ruwa ya narkar, iri ya tsiro. Ni ma na zauna aka yi da ni, baƙo ba ya gudun aikin gayya.

Namu duk a karkace suka fito. Na Mama kuwa sumul, ta bi kowanne da dutsen gogar tukunya har yana ƙyalli.

"Mama, so ake fa ya narke," na ce.

"Oga mai kanti," ta ce, "hannuna bai san aikin banza ba."

Ruwa ya sauka, namu suka narke, kore ya fara leƙowa. Nata suna nan zube kamar tsakuwa. Matan gari suka sa ta a waƙa har ta daina fita kasuwa. Na ji tausayinta, amma ban fasa dariya ba, Allah Ya yafe mini.

Wata safiya ta ja ni da kanta har kan tudun, ta durƙusa ta nuna. Dunƙulen ya tsage gida biyu kamar an sa wuƙa, wani siririn tsiro ya ɗago rabi a kansa kamar hula. Ga wani can, ga wani gaba. Na matsa ɓarin da yatsa, ya ƙi marmashewa. Sai na ce subhanallahi.



"Tun ina yarinya nake tare wa ruwa hanya," Mama ta ce a hankali. "Ashe daga ciki za a fasa ni."

Na tambaye ta yaushe zai yi 'ya'ya.

"Ba da ni ba, ɗana. Je ka saro ƙaya, awaki suna zuwa."