Ranar da Aka Ce In Yafe wa Yaya

Ina ɗanɗana tuwon a gaban gandiroba, kamar yadda ake sa duk wanda ya kawo wa ɗaurarre abinci, sai na ji Yaya yana ba wani ma'aikaci labarin hannuna. Wai daga bishiyar mangwaro na faɗo. Alhali shi ya karya shi da taɓarya don na hana shi wayata, maƙwabta suka kira 'yan sanda, aka tsare shi yana jiran shari'a. Ma'aikacin na ta dariya, har da ce masa Malam, don shi ke jan su salla a ciki.

Da ya karɓi kwanon sai ya sunkuyo. "Ƙanwata, har yanzu ƙofar ɗakinki ba sakata ko?" Muryarsa lafiya lau, kamar mai tambayar farashin gero.

Na juya zan fita. Wata ma'aikaciyar lafiya ta gidan yarin, da ta ji abin da ya faɗa, ta zaunar da ni, ta ba ni ruwa. Ta ce ta sha zama da Yaya. "Ba mahaukaci ba ne. Ya san abin da yake yi sarai, zafin wani ne ba ya isa zuciyarsa. Akwai irinsa a nan, akwai kuma waɗanda damuwa ke ci, duk ɗaki ɗaya, likita kuwa sai an ga dama."

Daga gidan yarin Birnin Kudu na koma gida Gwaram. Na iske Baba da kawunnaina sun gama magana: ranar zaman kotu in miƙe in ce na yafe, a kashe maganar a gida.

Na faɗa musu zancen sakata. Inna ta ce, "To ba kula yake da ke ba? Sammu aka yi wa yaron nan, kin sani."

Sammu! Tun yana firamare yake ƙona kaji da ransu. Ya fasa kan ɗan Goggo, aka tara dattawa, aka yafe. Ya sare jelar saniyar maƙwabci, aka yafe. Ko sau ɗaya bai ce a yi haƙuri ba, kullum mu ake sa mu durƙusa a madadinsa. Ni ce mai karyayyen hannu, ni ce kuma marar zumunci.

A kotu alƙali ya tambaye ni ko na yafe. Yaya na min murmushi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban yafe ba. Tsoronsa nake ji." Na maimaita abin da Yaya ya faɗa min kan sakata, na ji Kawu ya ja tsaki a bayana.

Ana kiran azahar magatakarda ya same ni a baranda. Ya ce an hana Yaya beli, an kuma ba da umarni likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi. "Kwantar da hankalinki, yarinya, ba zai fito ba. Kin tsira."

Baba na gefe da sabuwar rigar da ya ɗinko wa Yaya ta komawa gida. Ko kallona bai yi ba.