Muryar Inna a Bakin Mai Tulu

Shekara bakwai ke nan da muka kai Inna makwancinta a Kebbe, amma ko makon jiya na ji muryarta a tashar Tambuwal, tana fitowa daga wayar wani ɗan acaɓa. Laifina ne, kuma gara in faɗa da bakina.

Muna yara, Inna kan tsorata mu da labarin Mai Tulu, wata mace da ke zagaya tabkin bayan gari da fasasshen tulu a ka, tana kiran Hajo. Duk yaron da ya amsa, ruwa ya ci shi. Haka muka girma ba wanda ke leƙa tabkin nan ko da tsakar rana. Kafin Inna ta rasu na lallaɓe ta ta sake ba da labarin, na naɗa a waya. Da ta zo wurin kiran sai ta ja sunan har sau uku, muryarta na rawa. Ni kuwa, sarkin wayo, har tafa mata na yi, wai ta iya kwaikwayo.

'Yata Rukayya ta karanci kwamfuta a Sakkwato. Da ita da abokanta suka haɗa wasan waya suna neman dodon mataki na ƙarshe, ni na ba su sunan Mai Tulu, na haɗa musu da muryar. Suka zana ta da farce zaƙo-zaƙo, ruwa na ɗiga daga gashinta. Wanda ya kashe ta ya cinye wasan.

Da Sallar bara na kai wa Gwaggo Hassi, ƙanwar mahaifina, wasan, ina ta fankama jikarta ta yi abin kai. Tana jin kiran ta ajiye carbinta.

"Umaru, mi kuka yi haka? Babu wata Mai Tulu. Uwakka ta. Hajo ɗiyatta ta ta fari, tabkin nan yac ci ta tun ba a haife ka ba."

Ta ce Inna ce ta aiki Hajo ta ɗebo ruwa, tulun kawai aka tsinta. Kunyar ɗan fari ta hana Inna kiran sunan yarinyar tana raye, ta hana ta kuka a gaban mutane bayan ta tafi. A cikin labarin nan kaɗai bakinta ke iya furta shi.

Na sha tambayar kaina me Inna za ta ce da ta ga yara suna ribibin kashe ta a waya. Mace ce mai kawaici, watakila ta ce in dai ya hana su zuwa tabki, to madalla. Ni dai abin yana ci mini rai.

Rukayya ta yi kuka da ta ji, ta ce za ta cire muryar a ranar. Na ce ta dakata, kuma har yau ban ce ta cire ba. Hajo ba ta da hoto, ba wanda ya san kabarinta. Abin da ya rage nata a duniya kiran nan uku ne.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya sada ta da 'yarta. Nakan buɗe wasan in kai matakin ƙarshe, sai in ɗauke yatsuna in bar ta ta gama kira. Ban taɓa cinyewa ba.