Wa Zai Yi wa Laiton Saran Farko?

Duk gidan tsofaffin nan na mishan da ke gefen garin Bindura, babu mai tsoron farar motar asibiti kamar Sekuru Laiton Mbewe. Sekuru ake kiran tsoho a ƙasar nan, tsohuwa kuma Mbuya. Da ya ji ƙuginta a bakin ƙofa sai ya lallaɓa bayan kicin inda gangar ruwan zafi take, ya durƙusa yana iza wutar da ba ta bukatar izawa. Ba ya ɗagowa sai motar ta fita.

Wuta dai ita ce sana'arsa tun fil azal. Yana saurayi ya baro ƙauyensu a Malawi da ƙafa, cikin ayarin masu neman aiki a gonakin taba, aka sa shi kula da wutar rumbunan da ake gasa ganye. Aiki ne mai cin ido da ƙirji, amma Laiton ya riƙe shi har gashinsa ya yi fari fat. A gonar ya auri Esinati, a gonar ya binne ta. Ɗansu guda ya tsallaka ƙasar Kudu neman aikin ma'adinai, shiru kake ji har yau. Da gonar ta canza hannu, sababbin masu ita suka ce suna bukatar ɗakinsa, wani fada na coci ya tsince shi a tashar mota da bargo da tukunya ɗaya, ya kawo shi nan. Malawi kuwa, ko ya koma wa zai gane shi?

Gidan ba laifi, kada a ɗauki alhakin kowa. Ana cin sadza, wato tuwon masara, da ganye kullum, ranar Lahadi a sami ƙananan busassun kifi. Akwai bargo, akwai rediyo a zaure. Mai Marufu, wato Uwargida Marufu a yaren ƙasar, wadda ke kula da ɓangaren maza, mace ce mai hannu da zuciya, sai dai ita kaɗai ce a kan tsofaffi fiye da yadda hannu biyu za su iya. Ita ce wanki, ita ce rabon magani, ita ce raba faɗa a kan kujerar da ta fi samun rana.

Amma akwai abin da kowane tsoho a gidan ya sani, ko da ba a faɗa da ƙarfi. Wanda ya mutu a gadonsa, a bayan coci ake binne shi, ƙarƙashin itatuwa, a yi masa waƙa, a kafa ƙarfe da sunansa. Wanda farar mota ta ɗauka ya cika a asibiti, in babu ɗan'uwa na jini da zai je ya ce nasa ne, to sai ɗakin sanyi. Tsofaffin suna cewa a can ake ajiye irinsu har su taru, sannan a sa fursunoni su haƙa rami ɗaya a inda ba wanda ya sani, a jera su kamar itacen girki. Ko gaskiya ne ko ƙari, Laiton ya ga an tafi da maƙwabcin gadonsa da tari kawai, kuma ko hularsa ba ta dawo ba.

Binnewar bayan cocin ma tana da ƙa'idarta. A ƙasar nan ba a fara haƙa kabari sai ɗan'uwan mamaci ya ɗauki fartanya ya yi saran farko. Masu haƙa daga coci za su zo da diga da shebur, su tsaya su jira. Ba za su taɓa fara sara wa baƙo ba, don sun ce ruhin baƙo yakan bi wanda ya buɗe masa ƙasa har gida, ya zauna a kan 'ya'yansa. Ka yi ta yi musu wa'azi har Mahadi ya bayyana, za su ce amin, amma fartanyar tana nan a ƙasa.

Shi ya sa Laiton ya ƙulla da Sekuru Kaitano. Kaitano mutumin Mozambik ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin zinariya, ya fito da haƙori uku da tarin da ba ya jin magani da bakin da ba ya mutuwa. Shi ma ba shi da kowa. Wata rana suna shan hantsi suka tafa hannu, suka zama sahwira, wato abokan wasan da ke zagin juna a raye su kuma binne juna a mace. Duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai yi masa saran farko, don a wajen masu haƙa sahwira kamar ɗan'uwa yake.

"Ka dai yi sauri ka mutu, Gawayi," in ji Kaitano, "tun ina da ƙarfin ɗaga fartanya."

"Kai za ka riga ni, Giɓi. Wannan tarin naka ko jaki ya ji sai ya yi maka jaje."

"Ni? Ramin zinariya ya haɗiye ni ya amayar. Kai kuwa an riga an gasa ka, binnewa kawai ta rage."

Haka suke kullum, har tsofaffin mata su kore su daga inuwa.

Masifar ta zo ne ta inda Laiton bai zata ba. Ciwon suga ya daɗe da kashe masa tafin ƙafa, ba ya jin ƙaya, ba ya jin sanyi. Wata safiya yana iza wutar gangar wanka, garwashi ya faɗa cikin takalminsa na taya ya maƙale a ƙarƙashin babban yatsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka da wuta, bai san tana cinsa ba sai da ya ji ƙaurin nama. Ya cire takalmin, ya ga rami baƙi kamar bakin kwalba. Ya duba hagu, ya duba dama. Ya yage gefen tsohuwar riga ya ɗaure.

Kaitano kaɗai ya nuna wa. Tsohon ya leƙa, ya tsotsi giɓinsa.

"Wannan in Mai Marufu ta gani, mota ce."

"To ba za ta gani ba."

"Ranar Asabar fa, da take duba jikin kowa?"

"Bar ni da ita."

Dabarar da ya yi ta tsofaffi ce. Tun zuwansa yake kiran Mai Marufu surukarsa, don ya ce da ɗansa yana nan ita zai aura masa. Ita ma ta karɓi wasan, in za ta gaishe shi sai ta ɗan rusuna ta tafa hannu yadda ake yi wa uban miji. To ranar Asabar da ta zo da tawul da sabulu, sai Laiton ya ja bargo har wuya.

"Haba surukata, ina aka taɓa yi? Matar ɗa ta ga jikin uban miji? Kina so ƙasa ta tsage da ni?"

"Sekuru, yau kuma? Ai ƙafa kawai zan duba."

"Ƙafar ma jiki ce. Ni nake dafa ruwan gidan nan, ni zan kasa wanke kaina? Je ki wajen Giɓi, shi ne bai san kunya ba."

Ta yi dariya, kuma ga wani tsoho can yana ƙwala mata kira ya ɓata shimfiɗa. Ta wuce. Wallahi da ta san abin da ke ƙarƙashin bargon nan, da surukuta ta tashi a ranar.

Suka shiga magani su biyu a bayan kicin. Ruwan gishiri, toka, garin taba, har da majinar wani ganye mai ƙaya da Kaitano ya karyo a bakin shinge. Ciwon ya ƙi. Yatsan ya yi baƙi, baƙin ya hau na kusa da shi. Laiton ya daina cire safa. In ya kwance tsumman sai ya rufe ido tukuna, ya buɗe a hankali, ko Allah zai sa ya ga abin ya ja baya. Bai taɓa ja ba. Tsoro ya hana shi cin abinci. Abin haushin ma babu zafi ko kaɗan, ƙafar tana mutuwa shiru, kamar ba tasa ba.

Sai wari. Da farko ƙudaje ne suka tona, suna bin ƙafar wandonsa duk inda ya zauna. Ran nan ana cin abincin rana a zaure, wata tsohuwa ta ajiye kwanonta ta toshe hanci.

"Wai ɓera ne ya mutu a rufin nan? Mutum ba zai ci abinci cikin salama ba?"

"Bakinki ne, Mbuya, ya yi kusa da hancinki," in ji Kaitano, aka fashe da dariya.

Laiton bai yi dariya ba. Ya janye ƙafarsa ƙarƙashin benci, gumi yana bin bayansa, yana jin kamar duk idanun zauren sun huda safar. Da yamma zazzaɓi ya rufe shi. Ya kama hannun Kaitano.

"Sahwira, ka rufa mini asiri. Kaɗan ya rage. Ka bar ni in ƙarasa a gadon nan, ka yi mini sarana, shi ke nan. Kada ka bari su sa ni a motar nan."

Kaitano ya daɗe yana kallonsa. Ya yi tari mai tsawo, ya goge baki da hannun riga, ya tashi ya fita.

Tare da Mai Marufu ya dawo. Ba ta rusuna ba, ba ta tafa ba, ta yaye bargon ta sa almakashi ta tsarge safar. Abin da ta gani ya sa ta ja da baya ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah! Sekuru, me ka yi wa kanka? Me na yi maka da za ka yi mini haka?"

Laiton ko kallonta bai yi ba, Kaitano yake kallo.

"Ka sayar da ni, Giɓi. Ka sayar da ni ga fursunoni."

"Na sayar," in ji Kaitano. "In ka ruɓe ka riga ni, ni wa zai sara mini? Kai dai son kanka ya yi yawa. Je ka su gyara ka ka dawo, ina jiranka."

Da aka ɗora shi a farar motar, Laiton ya riƙe ƙarfen ƙofa da hannu biyu, sai da aka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Tsoho da furfura yana kuka da majina kamar yaron da za a yi wa kaciya. Sauran tsofaffin suka shige ɗakuna, don ba a son kallon irin wannan tafiya.

A asibiti likitoci suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ya farfaɗo, ya shafa wurin, ya ji wayam. Bai tambayi inda suka kai ta ba, don yana tsoron amsar. Gadonsa yana kallon wani dogon lungu, kuma ta nan ake gungura waɗanda aka lulluɓe har kai. Duk gadon da ya wuce sai ya bi shi da ido, yana cewa a ransa, wannan yana da mai zuwa, ko irina ne? In ma'aikaciya ta tambaye shi wa za a kira masa, sai ya juya fuska bango. Ya ƙi barcin rana, wai kada a ɗauka ya tafi. Amma dungulmin ya kama warkewa, zazzaɓin ya sauka, har ya fara tanadin zagin da zai yi wa Kaitano.

Ranar da ya hango Mai Marufu tana turo keken guragu, daɗi ya kusa kashe shi.

"Surukata! Kin zo ɗaukar abin da suka rage? Ina Giɓi, yana can yana cinye mini kifi?"

Ta zo gaban gadon ta durƙusa har ƙasa, ta tafa hannu a hankali, tafin da ba na gaisuwa ba.

"Jiya ya cika, Sekuru. A gadonsa. Ashe jini yake tofarwa tun kafin ka tafi, yana ɓoyewa a cikin gwangwani. Ban sani ba, na rantse ban sani ba." Ta share ido da gefen zani. "Masu haƙa suna can tun safe, sun ƙi taɓa ƙasa. Na roƙi likita ya sallame ka."

Aka gungura shi har bayan coci. Tsofaffin gidan duk sun fito, masu sanda da masu dafa bango. Masu haƙa suna tsaye a gefe da diga da shebur. Aka miƙa wa Laiton fartanya, mutum biyu suka tallafe shi ya miƙe a kan ƙafarsa ɗaya. Al'ada ce sahwira ya zagi mamaci a bakin kabari don a yi dariya, kowa yana jira. Laiton ya buɗe baki.

"Macuci," ya ce, sai muryar ta ƙare.

Ya ɗaga fartanyar ya sara wajen kai, ya sara wajen ƙafa. Jar ƙasa ta buɗe. Masu haƙa suka matso da sauri, yanzu kam ba abin tsoro, babbansu ya miƙo hannu.

"Sekuru, kawo fartanyar, ka gama naka."

Laiton bai saki ba. Ya ɗago kai yana bin fuskokin da ke kewaye da shi, masu haƙa, tsofaffin mata, 'yan mazan da suka rage, har ya zo kan Mai Marufu, wadda ke da 'ya'ya ƙanana a gida.

"To ni fa?" ya ce. "Wa zai yi mini?"

Babban masu haƙa ya kau da kai. Tsofaffin suka shiga gyara sanduna. Mai Marufu ta sunkuyar da kai ƙasa. Can wata tsohuwa ta ɗauko waƙa da ƙarfi, sauran suka amsa, aka zare fartanyar daga hannunsa aka zaunar da shi a keke.