Malam Bubayero Mailafiya da Zargin Gasa Irin Yalo

Gabatarwa

Fiye da shekara talatin ke nan ana faɗa a ƙauyukan fadama na kewayen Dutse cewa marigayi Malam Bubayero Mailafiya, mai yalon sanyi, ba ya ba kowa iri sai ya fara gasa shi a bakin wuta, don kada na wani ya tsiro ya yi gogayya da nasa. Matarsa Hajiya Hindatu, wadda tsufa ya cim mata, ta roƙi a bincika tun tana numfashi, ta ce in gaskiya ne a rubuta, in ƙage ne a rubuta. A wannan tarihi ba a ɗauki maganar gari hujja ba don yawan masu faɗarta, ba a kuma ɗauki ta iyalinsa hujja ba don su suka nemi aikin.

Haihuwa da asali

An haifi Malam Bubayero a shekarar 1948 Miladiyya, a wata ruga kusa da Taura, cikin lardin Kano na wancan zamani. Mahaifinsa shi ne Ardo Muhammadu Mailafiya, makiyayi ɗan makiyayi, mahaifiyarsa kuwa Inna Fatsuma, kuma babu wani daga zuriyarsu da aka sani da riƙe fartanya kafin shi.

Karatu, kiwo da aure

Ya yi karatun allo a hannun Malam Abdulbaƙi, malamin rugarsu. Iyalinsa na cewa ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha biyu, amma tsaransa biyu da aka samu da rai sun ce bai kai rabi ba kiwo ya ɗauke shi, sai da girma ya kammala, kuma maganarsu ta fi kama hankali. A shekarar 1972 ya auri Hindatu, 'yar kawunsa. Farin shekarar 1973 ya rage garkensu ƙwarai, sannan annobar bushiya, ciwon shanu, ta 1983 ta ƙarasa abin da ya saura, in ban da saniya biyu.

Ƙaura da shiga lambu

A shekarar 1984 ya yi ƙaura da iyalinsa zuwa Tsamiyar Dogo, ƙauyen manoma da ke gefen fadama, inda mai unguwa ya ba shi aron wani yanki na lambu. Ana yawan ambaton wannan aro a matsayin karamci, sai dai wanda ya je ya duba zai ga cewa yankin can saman fadama yake, inda rijiya ke fara ƙafewa, kuma babu ɗan gari da ke son sa.

A nan matsalarsa ta faro. Dattawan garin sun gaji wata ƙa'ida cewa ba a yafa irin yalo sai sanyi ya juya baya. Ƙa'idar ta yi wa na ƙasan fadama daidai, tunda ruwansu na kaiwa har bazara, amma shi idan ya jira ɗumi, kafin yalonsa ya yi fure rijiyarsa ta zama rami. Saboda haka ya shiga yafa iri da tsakiyar sanyi, 'yan gari suna dariya, suna cewa Agwai, wato Bafulatani, ya ɗauka lambu ma mashekarin shanu ne.

Zaɓen iri

Daga 1985 ya kama wata hanya da bai sake ta ba har ƙarshen rayuwarsa. Duk tushen da ya riga sauran fure, sai ya ɗaura masa tsumma, ya hana a taɓa 'ya'yansa na fari komai kyan kasuwa, ya bar su su nuna har su yi ja. Sannan ya matse su cikin ruwa, ya zubar da ƙwayoyin da suka taso sama, ya shanya na ƙasa a inuwa, ya adana su a gora tare da toka. Cikin 'yan shekaru ya samu wani yalo gajeren tushe, fari mai ratsin kore, marar ɗaci, wanda ke isa kasuwa alhali na sauran mutane bai daɗe da dashe ba. Sunan tsokana aka sa masa, ɗan Agwai, kuma shi ya bi shi.

Zargi

A shekarar 1989 manoma da dama suka roƙe shi iri, ya ƙulla wa kowa a tsumma ba tare da karɓar komai ba. Suka yafa da sanyi kamar yadda suka ga yana yi. Nasa ya tsiro, nasu ya ruɓe a ƙasa.

Wanda ya fara furta zargin shi ne maƙwabcinsa Malam Maharazu, wanda ke raye har yau, kuma da aka je masa bai janye ko kalma ɗaya ba. Ya ce, "Ba ji na yi ba, gani na yi. Na shiga ɗebo wuta da safe, ga ƙwaryar iri a jikin murhu, toka har wuyanta. Wa ke kai iri bakin wuta in ba mugu ba? Ko gyaɗa ce?"

Hajiya Hindatu ba ta musa ganin ƙwaryar ba. Ta ce, "Ƙwaryata ce ma. Ai haka muke yi wa madara da sanyi in ta ƙi yin barci, a jingina ta da toka mai ɗumi. Malam ya ce abin da ya tada nono zai tada iri. Sai ya jiƙa nasa a tsumma, mu ajiye nan har ya fasa baki, kana ya kai lambu, ya rufe da zana in rana ta faɗi." Wannan bayani yana da daɗin ji, amma shaidar mata ce a kan mijinta, kuma ta zo bayan shekaru masu yawa, don haka ba a rufe bincike a kanta ba.

A shekarar 1990 aka kai ƙararsa gaban mai unguwa. Waɗanda suka halarta sun haɗu a kan cewa bai kare kansa ba, iyakar abin da ya ce shi ne Allah ya sani. Jama'a suka ɗauki shirun a matsayin amsa laifi. Ba a karɓe lambun ba, amma daga ranar aka daina gabatar da shi jan salla idan liman ya yi tafiya, aka kuma daina aiko masa da goron suna sai dai ya ji a bakin mutane.

Shekarun baya

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta cika da ma'aikata, yalonsa ya samu masu saye, har ya mallaki lambun ya mayar da 'yan shanu. Wannan ma aka lissafa shi cikin hujjojin zargi. Ya sauke farali a 2006 tare da matarsa. Ya ci gaba da ƙulla wa duk wanda ya roƙa iri, ko da yake masu roƙon sun zama baƙi daga nesa. Na ƙarshe da ya karɓa a garin shi ne Mujahid, ɗan Malam Maharazu, a 2022, kuma da uban ya ji sai ya hana a shuka, ya rataye ƙullin a rufin zaurensa don ya riƙa nuna wa mutane.

Rasuwa

Malam Bubayero ya rasu ranar wata Laraba cikin watan Maris na 2023, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da biyar. An yi masa salla a ƙofar gidansa, aka binne shi a maƙabartar Tsamiyar Dogo, kuma Malam Maharazu na cikin sahun gaba. Ya bar mata ɗaya, Hajiya Hindatu, da 'ya'ya biyar: Abdulkahar, malamin makaranta a Garki, Mahbuba, wadda ke riƙe da lambun da gorar iri, Nuriyya, ma'aikaciyar jinya a Dutse, Habibullahi, mai kiwo, da autarsu Zulfa, tare da jikoki da dama.

Gwaji

Irin 1989 ya riga ya tafi, ba mai iya gwada shi. Abin da ya rage daga hannun marigayin zuwa hannun ɗan gari shi ne ƙullin da ke rataye a zauren mai zarginsa, inda iyalinsa ba su da ikon taɓawa. A watan Disamba na 2024 Malam Maharazu ya yarda aka sauko da shi, yana cewa a gwada kowa ya huta. A gaban mai unguwa aka raba irin gida biyu. Rabi aka yafa kai tsaye a lambun Malam Maharazu, tare da wani iri nasa na kansa a gefe. Ɗaya rabin aka jiƙa, aka jingina da toka a murhun gidansa, matarsa na tsaro.

Na bakin murhu ya fasa baki, aka kai lambu, ya tsiro. Wanda aka yafa a ƙasa mai sanyi bai fito ba sai tsilli-tsilli, haka ma irin Malam Maharazu da ba wanda ya taɓa kai shi kusa da wuta.

Malam Maharazu ya dubi wurin ya ce, "To me ya hana Agwan ya buɗe baki?"

Da aka kai wa Hajiya Hindatu tambayar, ta ce, "Su me ya hana su tambaya? Iri suka roƙa, iri aka ba su. Ɗan manomi ba ya tambayar ɗan ruga yadda ake shuka, baƙo kuma ba ya koya wa masu ƙasa noma. Da farko kunya ce." Aka tambaye ta, to daga baya fa? Ta ce bayan zaman gaban mai unguwa ya hana ta faɗa wa kowa, ya ce tunda sun yanke hukunci, su ci gaba da jiran ɗumi.

Ba a samu wata hujja cewa Malam Bubayero ya taɓa gasa irin kowa ba. Irin da aka gani a bakin wuta nasa ne, wanda ya bayar kuwa lafiyayye ne, sanyin ƙasa ne ya hana shi fita. Ya san haka tun 1989, ya san maganinsa, kuma bai faɗa wa ko mutum ɗaya a garin ba har ya rasu.