Akwatin Wasan da Taubashin Matata Ya Kawo

Ni a wani ƙauye kusa da Ɗan Barto na tashi, inda ba kuran, wato wutar lantarki, ba tele. Matata kuwa 'yar cikin garin Matameye ce, babanta duk rani yana Kano wajen nema. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu wannan bambanci bai taɓa damuna ba, sai bara da ƙaramar salla.

Washegarin salla na ɗauke ta a moto da 'yarmu muka je gaishe da mahaifiyarta. Muka tarar da baƙo, ɗan ƙanwar babanta, wato taubashinta, mai sayar da kayan waya a Kano. A gidan ya girma tare da ita. Bayan gaisuwa ya jawo jaka ya fito da wani ɗan akwati ruwan toka, bai fi tafin hannuna biyu ba, da abubuwan riƙewa guda biyu masu maɓallai.

"Ke baiwata, kin gane wannan?" in ji shi, da irin tsokanar taubasai.

Matata ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu! Ina ka samo shi?"

Ya ce ai yanzu an dawo da ƙera su, ƙanana, da wasannin da duk a ciki, ba sai an sa kaset ba. Wai a Kano ba yara ke saye ba, magidanta ne masu furfura, kowa yana neman ƙuruciyarsa. Ya haɗa shi da tele. Wani kiɗa siriri ya tashi, kamar ana busa sarewar kara, sai na ji matata tana bin sa da baki, ba ta kuskure ko gaɓa ɗaya ba.

Suka zauna a tabarma. Wani ɗan mutum yana gudu a tele, yana tsallake ramuka. Ita da shi suna ta ihu.

"Ka tuna ranar da muka hura kaset har ka tofa masa yawu?"

"Ke kin tuna da Baba ya ɓoye wayar a cikin buhun gero?"

Har surukata, Hajiya, da ba ta cika dariya a gabana ba, sai da ta share ƙwalla. Ni kuwa ina kan kujera da kofin kunun aya, cikin babbar rigata ta salla, ba wanda ya ce da ni komai. Irin dariyar da matata ke yi ban taɓa jin ta ba a gidana.

Can taubashin ya juyo. "Mushe, kai ma ai ka buga wannan ko?"

Malamin lakwal ne ni, makarantar boko, shi ya sa ake ce mini Mushe, kullum ina hana yara ƙarya. Amma sai na ji bakina ya ce, "Sosai ma."

Ya miƙo mini. Na riƙe abin a juye, wayar tana kallon cikina. Ɗan mutumin ya taka sau uku ya faɗa rami na farko. Aka sake, ya sake faɗawa. Taubashin bai yi dariya ba, ya dai sa hannu ya juya mini shi a hankali, ya ce, "An daɗe, hannu ya manta." Da ma dariyar ya yi, da ta fi mini sauƙi.

A hanyar gida, bayan mun wuce tasha, na yi mata magana.

"Ashe kin iya dariya haka," na ce.

"Malam, me ya faru?"

"Ba komai."

Da zai koma Kano sai ya aiko mata da akwatin kyauta. Ta ajiye shi a ƙarƙashin telenmu. Sati uku ina wuce shi kamar ban gan shi ba. In ta kunna ita da 'yarmu, sai in ɗauki takardun yara in koma zaure in yi gyara. Har cewa na yi yana cinye mana batirin sola, alhali na san bai kai fanka ci ba.

Wata Laraba da rana ta tafi barkar haihuwa, na dawo na tarar gidan ba kowa. Na kunna. Ina cikin faɗawa ramin nan karo na ban san nawa ba, sai na ji muryarta a bayana.

"Ka danne na gudu tukuna, sannan ka yi tsalle."

Ko mayafi ba ta cire ba ta zauna kusa da ni. Na gaya mata gaskiya, ban taɓa ganin irinsa ba sai ranar. Ta ce ai ta sani tun daga yadda na riƙe shi. Na ce abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda suke da abin tunawa tare, ni ba ni ciki. Ta ce, "To ya zan yi, Malam? A lokacin ban san ka ba."

Na koya. Yanzu har nakan wuce ta a wasu matakan. Sai dai ni wasa kawai nake yi, ita kuwa da kiɗan ya tashi sai fuskarta ta sauya, ta koma tsakar gidansu, in zauna ina kallonta.

Bayan girbi na samo karan dawa masu kauri, na zauna na ƙera wa 'yarmu mota irin wadda muke yi a ƙauye, da ƙafafun sakaina da ƙofa mai buɗewa. A raina ina so matata ta tsaya ta tambaye ni yadda ake yi, ta ji ita ma akwai abin da ya wuce ta. Ta fito da kwano a hannu, ta duba, ta ce, "Kai, ta yi kyau," ta wuce madafa. 'Yar tamu ta ja motar kwana biyu, rana ta uku akuya ta cinye ta.