Kwana Huɗu Ina Shan Duka a Gaya

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar tashar Dogondutsi, ni da ƙanwata. Ita tana rungume da ƙullin kilishi da daddawa, ni kuwa ambulan guda ce a aljihuna na gaba, kuma ta fi kayanta nauyi. Ku da kuka yi ta aiko da saƙo kuna tambayar inda Mushe, wato ni malamin makaranta, na shige a hutun lakwal ɗin nan, to Gaya na je, kuma ba yawon buɗe ido ya kai ni ba.

Autan gidanmu ne a can. Shekararsa goma a Gaya yana aikin takardun kaya a bakin iyaka. Da aka rufe gadar kan iyaka aikin ya mutu, sai ya sayi moto, wato babur, ya shiga kabu-kabu. Wata huɗu da suka wuce, a hanyar Bengu, amalanken rake ya fito masa daga gona, ya faɗi kan kafaɗarsa ta dama. Ƙashi ya ɗinke, amma hannun bai tashi ba. Muka kai shi Yamai aka yi gwaje-gwaje, ya koma gida, ni na sake zuwa karɓo sakamako. Babban likita ya zaunar da ni ya ce jijiyoyin sun tsinke ne tun daga tushe, hannun ba zai sake motsi ba. Ban iya faɗar wannan ta waya ba. Na ce masa dai ina nan tafe da takardar.

Motar farko ta sauke mu Doso rana ta ɗan ɗago. Muka karya da shayi da burodi a bakin tasha, ƙanwata ta ƙara da kopto, kwaɗon zogale irin na Zabarmawa, tana ci tana cewa bai kai na gida ba har ta suɗe kwanon. Motar Gaya sai da ta cika ta batse kafin direba ya tuna inda ya ajiye makulli. Aka haɗa ni kujera da wani dattijo mai zabbi biyu a kwando, waɗanda ba su rufe baki ba har Malgoru. Sau uku muna sauka a shingen jami'an tsaro, kowa ya nuna katinsa, mu ɗan taka a ƙasa mu sake shiga.

Duk yadda aka ƙara nausawa kudu sai ƙasa ta ƙara kore. Mutumin Arewa da ya saba da jan dutse da sabara, idan ya ga giginyu sun jeru haka sai ya rasa inda zai sa ido. Mata na bin tagogi da rogo da dankali, ga rake guntu dala ashirin, wanda a Dutsi ba za a ba ka shi a haka ba ko kai surukin mai shi ne. Muna gangarowa daga tudun da ke bisa garin, wani zafi mai damshi ya tarbe mu. A tasha kunne ya cika da Dandanci da Zabarmanci da Hausar kasuwa, duk a cakuɗe.

Mun sami autan namu a tsakar gida ƙarƙashin mangwaro, hannun na kwance a cinyarsa kamar ajiyar wani. Ya rame. Ya amsa gaisuwa da kalma ɗaya-ɗaya. Matarsa ta ja mu gefe ta ce haka yake wuni, ba ya fita, ba ya ɗaukar waya, abokansa sun gaji da dawowa daga ƙofa. Da aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, sai ya ɗauki kwanonsa ya juya mana baya, don kada mu ga yana ci da hagu. Na yi niyyar in faɗa masa bayan abinci. Aka gama abinci, na kasa.

Na shiga ɗakinsa ne don in guje wa idonsa. A kan tabur na ga wani abu lulluɓe da tsohon zane, kusa da shi ƙananan kofuna uku na gasa sun yi ƙura. Na yaye zanen, ga konsol, na'urar wasan bidiyo, da manet biyu, waɗanda ake riƙewa a hannu ana dannawa. Wannan abu shi ne tsohon faɗana da shi. Tun yana kwaleji yake bin ɗakunan wasa, ni kuma ina binsa da bulala. Na taɓa ƙwace manet ɗin da ya aro na jefa bisa rufin ɗaki, ya kwana biyu bai ci abinci ba. Ko da ya girma, in ya kira ya ce ya ci gasa a Gaya, amsata ɗaya ce, Allah ya shirye ka.

Ban san abin da ya sa na kunna ba, wataƙila don in sama wa hannuwana abin yi. Mutum biyu suka fito a ekran, wato fuskar talabijin, suna cika baki, aka ce a fara, ni kuma na hau danna duk buton da yatsana ya samu. Cikin ɗan lokaci aka shimfiɗe nawa. Na sake, aka sake shimfiɗe shi. A karo na huɗu na ji inuwa a bakin ƙofa.

"Yaya, ba daka kake yi ba," in ji shi. "Saki buton ɗin. Ja baya kawai."

Daga baya matarsa ta ce min rabonta da jin magana mai tsawon haka daga bakinsa an fi wata.

Darasin ranar Juma'a kaf tsare kai ne. Ya hana ni kai duka ko sau ɗaya. In an kawo naushi daga bisa, in riƙe baya a tsaye. In an sharo ƙafa, in riƙe baya ina durƙushe. Layin da ke saman ekran shi suke kira jini, ya ce aikina kawai in kai ƙarshen turmi da sauran jini a jikina. Na ce ai mai tsare kai ba ya cin faɗa. Ya ce wanda bai iya tsarewa ba, ba ya daɗewa har ya ga yadda ake ci. Ya kuma hana ni canza ɗan wasa. Na so wani ƙato mai sarƙa a wuya, ya ce a'a, in ɗauki mai farar riga wanda ba shi da wata kwalliya, in zauna da shi har in san tsawon hannunsa da na ƙafarsa kamar nawa. Shekara ashirin ina tsaye gaban allo, ban san haka zaman benci yake da ciwo ba. Ba ya tsawa, amma in na yi kuskure yana da wani ɗan tsaki da ya fi bulala shiga jiki. Duk lokacin da ya yi tsakin nan sai in ji daɗi, don dai mutumin da na sani ne ya leƙo.

Asabar da safe na ce bari in ga kogi, na fita ni kaɗai. Daga nesa na hango gadar, shiru, ba kamiyon kaya ko ɗaya a kanta. Hada-hadar duk ta koma bakin ruwa, jirage na ɗaukar mutane da buhuna da jarkoki, masu dako na shiga ruwa har gwiwa. Na zauna wajen wata mai soya kifi na ci da yaji, ina ta jera kalmomin da zan faɗa masa. Na jera su tsaf. Ina shiga gida ya ce in wanke hannu, yau tazara za mu yi, sai duk suka watse.

Tazara, in ji shi, ita ce rabin wasan. Ka tsaya inda ƙafarka za ta taɓa mutum amma tasa ba za ta taɓa ka ba. Kada ka yi tsalle don kawai ka gaji da jira, wanda ke sama ba ya iya tsare kansa. In abokin karawa ya diro maka, akwai naushi guda da ake tarbarsa da shi, sai da na maimaita shi har babban yatsana ya yi ja. In ya kai babban duka ya kuskure, yakan ɗan tsaya a buɗe, nan ne ramuwarka, kuma kada ka nemi abin burgewa, duka uku da ka iya sun isa. In mutum ya lafe yana tsarewa, ka matsa ka kama shi ka kayar. Na ce ashe kokowa ce. Ya ce ai da ya faɗa min haka tun yana yaro, bulala ce ta hana in ji. Bai faɗa da zafi ba, kuma hakan ya fi yi min ciwo.

Bayan la'asar ya sa riga ya ce mu je sal, wato ɗakin wasan da ke bayan tasha. Matarsa ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonsa har muka fita. Na zaci yara zan tarar. Manyan mutane ne, direbobi masu jiran lodi, wani tela, wani majo da ya taso daga aikin asibiti. Suna ganinsa suka miƙe, wasa ya tsaya, kowa na "Metir, Metir", wato malam. Babu wanda ya kalli hannun, kuma na lura da gangan suke kauda ido. Mai sal ɗin, wani Badande mai ƙiba, ya kawo masa kujerarsa da ya ce ba wanda ya zauna a kai tun ranar haɗarin.

Aka haɗa ni da wani ɗan kasuwar kifi. Ya lallasa ni sau tara a jere, yana ba ni haƙuri da Hausarsa ta bakin kogi. A na goma na daina neman ci. Na ja baya, na tsare, na jira. Ya gaji ya yi tsalle, na tarbe shi. Ya sake, na sake. Ya kai wani babban duka ya kuskure, na yi ukun da aka koya min, sai ga shi a ƙasa. Turmi ɗaya ne tak, ya cinye sauran biyun, amma ɗakin ya ɗauki shewa. Na waiwaya na ga ƙanena yana dariya, ya ɗaga hagunsa zai tafa, sai ya tuna. Ya mayar da hannun aljihu.

Lahadi da hantsi wuta ta ɗauke. Matan sun tafi kasuwa, ba wasan da zan fake da shi. Na fito da ambulan ɗin na zauna kusa da shi a tabarma.

"Na sani, Yaya," ya ce. "Tun ranar da ka ɗauki manet na sani. Da labari mai daɗi ka zo da shi, ba za ka zauna kwana uku kana shan duka ba."

Ya ce duk da haka in karanta masa, kada in tsallake komai. Na karanta da Faransancin likita, na fassara abin da ya shige masa duhu. Ya tambaya ko zugin da ke hana shi sakat zai daina, na ce an rubuta magani, an ce zai iya raguwa. Ya gyaɗa kai. Sannan ya rufe fuska da hagunsa, kafaɗunsa suka fara rawa. Na kama hannun daman na riƙe, yana da ɗumi kamar kowane hannu. Can ya tambaye ni, fuskarsa a rufe, ko riƙe nake da shi. Na ce e.

"To kada ka saki tukuna," in ji shi.

Da wuta ta dawo da yamma shi ya ce a kunna. Ya riƙe ɓangaren hagu na manet, wajen tafiya da tsarewa, ni na riƙe na dama wajen duka. Muka yi turmi shida a haka, kafaɗa da kafaɗa, aka cinye mu duka. Ya ce bai taɓa ganin malalacin hannun dama irina ba. Na roƙe shi ya biyo ni Dutsi ya zauna cikin dangi, ya ce a'a. Mai sal ya nemi ya riƙa zuwa da safe yana koya wa sababbin shiga, zai gwada ya gani.

Litinin na kamo hanya ni kaɗai, ƙanwata ta tsaya za ta ƙara mako. Ya rako ni har tasha, ya miƙo min hagu muka yi musabaha, bai ɓoye ba. Giginyu suka yi ta raguwa a taga har suka ƙare. Na yi ta tunanin yadda na san tarihin ɗaliban ajina ɗaya bayan ɗaya, amma ban san ƙanena gwani ne ba sai da gwanintar ta bar hannunsa. Abin da tafiyar nan ta koya min ke nan, ka je ka kalli ɗan'uwanka yana yin abin da ya iya tun yana iyawa. Ni sai a bakin direbobi da tela na ji yadda yake wasa, ban taɓa gani ba, kuma ba zan gani ba.

Na isa gida bayan la'asar na tarar da mahaifiyarmu zaune a ƙofar ɗaki, tun azahar take jira. Na faɗa mata abin da likita ya ce, ta yi salati ta share ido da bakin mayafi. Ta tambaya ko yana cin abinci, na ce yana ci. Ta tambaya me zai riƙa yi yanzu, na ce koyarwa zai yi. Ta ce koyar da me. Na ce faɗa.

Ta kalle ni ta ce, "Shi da bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba."